Ɗakin da Saifuddeen Ya Hana Mu Aunawa

Ni ba na yarda da abin da ban taɓa da hannuna ba, kuma har yau ban ga laifina a kan haka ba. Na daɗe ina sayar da turaren wuta a kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis, na ga mutumin da ya rantse mini a kan saiwar da ya yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi. Shi ya sa ranar da ƙanena Ilu ya aiko daga Gagarawa cewa an sa ranar auren Haulatu da wani yaro ɗan Gumel mai aiki a jirgin ruwa, abin da na fara tambaya shi ne wane ruwan. Mu nan ko tafki ba ma gani sai damina ta yi kyau.

Haulatu 'yar Ilu ce, amma ni na yaye ta, kuma a ɗakina na Sule Tankarkar ta girma har ta gama sakandare. Ina son yarinyar nan fiye da yadda nake nuna mata. Da na matsa mata da tambaya sai ta miƙo mini waya ta nuna mini hotunan da yaron yake turo mata. Ga gado fari ƙal kamar ba a taɓa kwanciya a kai ba, ga ƙofar gilashi, bayanta ruwa har iya ganinka, shi kuma yana tsaye a gefe cikin fararen kaya yana murmushi. Ta ce jirgin ya fi garin Gagarawa yawan jama'a, kuma ba kaya yake ɗauka ba, ba alhazai ba. Masu hali ne kawai suke shiga, ya zaga da su teku su sha iska, ya dawo da su inda ya ɗauko su. Na ce mata ni ban taɓa jin motar da ake biya don ta dawo da mutum tashar da ya hau ba. Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Da ya zo gaishe ni na sa masa ido sosai. Sunansa Saifuddeen, dogo ne, mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa, ya kawo atamfa da dabino. Ban same shi da rashin kunya ko ɗaya ba, kuma wannan ma bai kwantar mini da hankali ba. Ƙofar zaurena jaki da kaya zai wuce, amma shi sai da ya karkace ya shigo ta gefe, ya sunkuyar da kai, ya ɗaga ƙafa sama kamar zai tsallake wani abu da ni ban gani ba. Na ba shi kunun tsamiya, ya sha ya ajiye kofin, amma bai sake shi ba, yana riƙe da shi a ƙasa kamar wani zai ƙwace. Da aka kira la'asar ya ɗauko waya yana juyi da ita a tsakar gidana, wai yana neman alƙibla. Ɗan Gumel, haifaffen Gumel, bai san gabas ba a Sule Tankarkar. Na nuna masa da baki, na ci gaba da tsinkar zogalena.

Ranar ganin ɗaki ta zo. Mu dangin amarya mata mu ne muke zuwa gidan da za ta zauna, mu auna bango da igiya, mu ƙulla alama a inda tsawo ya ƙare, a kai wa kafinta don kada a yi gado da durowar da ba za su shiga ba. Na tafi da Mansura, ƙanwar mahaifiyar Haulatu, mace mai kirki wadda bakinta ba ya riƙe komai sai abinci. Gidan sabo ne, a bakin garin Gumel kan hanyar Maigatari, bulo da siminti, har da faifan sola a kan rufi. Ɗakin amarya kuwa fili guda ne, taga biyu manya, in ka yi magana sai ta dawo maka. Mansura ta yi ta guɗa tana cewa Haulatu ta dace. Muka auna shi, muka auna falo da kicin.

A lokacin da nake naɗe igiyata ne na hango wata 'yar ƙofa tsakanin kicin da katanga. Ta ƙarfe ce, siririya, an sa mata kwado. Na ce ya buɗe mu auna nan ma, ko an sa buhunan hatsi da manyan tukwane. Ya ce, "Gwaggo, wannan ba sai an auna ba, wurin tarkacena ne." Ya faɗa yana kallon ƙasa, hannunsa ya kai kan aljihun da makullin yake ciki. Na yi kamar zan kama ruwa, na zaga bayan ginin na duba. Babu taga, babu ko ƙaramar kafar da iska za ta shiga, kuma faɗinsa daga waje bai kai a shimfiɗa tabarma a gicciye ba. Na san ɗakin ajiya, na san akurki, na san rumbu. Wannan bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na ja kunnen Mansura ta yi shiru sai mun bincika. Ta ce wallahi ba mai ji. Kafin motar hayar da muka shiga ta kai Gagarawa Tasha, direba da yaron mota da mata uku sun ji. Ranar Alhamis maganar ta same ni a rumfata ta yi ƙiba har ban gane ta ba. Wata ta ce an ga jan ƙyalle da ƙwarya a ciki. Wani mai sayar da kanwa ya ce ai tun farko ya san ba aikin jirgi ba ne, ƙungiyar asiri ce, kuma irin waɗannan matar fari suke bayarwa. Wata mai saye daga Damagaram ta ce a can ma an yi wani mai irin wannan ɗakin, amaryarsa ba ta shekara ba. Maginin da ya yi aikin ma aka ce ya ce shi ya roƙi yaron a fasa taga ko 'yar ƙarama, ya ƙi, ya ce duhun yake so.

Na ji haushin masu surutun, amma kuma ban iya watsar da maganar ba, don duk abin da suka ƙara, ƙofar nan dai ni na gan ta da idona. Ilu ya kira ni a waya, muryarsa ta canja, ya ce Yaya ke kika je, ke kika gani, abin da kika ce shi za a yi. Wato auren yarinyar ya dawo wuyana. In na yi shiru aka kai ta aka cuce ta, ni ce. In na hana kuma ashe ba komai, na raba ta da wanda take so.

Na zaɓi bayan azahar, lokacin da gari yake yin tsit kowa ya nemi inuwa, na hau mota zuwa Gumel ni kaɗai. Dama da gangan na bar igiyata a kicin ɗin. Ƙofar gidan a saye take, na tura na yi sallama, shiru. Babur ɗinsa yana jingine, takalmansa suna bakin 'yar ƙofar, kwadon kuma babu shi. Sai na ji wani ƙugi yana fitowa daga ciki, ƙasa-ƙasa, ba ya tsayawa, ba ya canjawa. Na dafa ƙarfen na ji yana rawa a tafin hannuna. Na karanta duk abin da na iya, na cire takalmina na buga ƙofar da shi.

Ya buɗe ido jawur, daga shi sai singileti, shatin matashi a kumatunsa. Da ya ga ni ce ya nemi durƙusawa a bakin ƙofar, wurin bai ba shi dama ba. Na ce ya matsa. Ya ce babu inda zai matsa, sai dai ya fito ni in shiga. Haka aka yi.

Na miƙa hannuwana biyu, kowanne ya taɓa bango tun kafin su miƙe. Gadon katako ne a manne da gini, faɗinsa na mutum ɗaya marar ƙiba, an yi masa baki a gefe kamar na jariri. A samansa an kafa wani katakon ƙasa-ƙasa, yadda in ka tashi zaune sai ka buga kai. Akwai ɗan labule da ake ja a rufe gadon, akwai ƙugiyoyi a bango da riguna a rataye, akwai durowa a ƙarƙashi. Na jawo ta na zazzage. Safa ce da gajerun wanduna da man shafawa. Na ɗaga katifa, na shinshina kusurwoyi, ni da sana'ata ƙamshi ce, ban ji jini ba, ban ji hayaƙin komai ba sai zufar namiji. Ƙugin kuwa tsohuwar fanka ce aka cire mata fukafukai, aka ɗaure kanta da waya a jikin ƙafar gadon, tana jan wuta daga sola tana girgiza katakon.

Na fito na zauna a kan bokiti na ce ya yi mini bayani, kuma kada ya soma da rantsuwa. Ya tsuguna ya ce wannan shi ne ɗakinsa na jirgi, haka yake ba ƙari ba ragi, sai dai can su biyu ne, wani yana kwana a saman katakon. Ya ce ma'aikata a can ƙasa ake ajiye su, ƙarƙashin ruwa, kusa da inji, inda ba taga ba rana, sai agogo ne yake gaya maka gari ya waye. Ƙofofin matsattsu ne, kowace da dokin ƙofa na ƙarfe a ƙasa, abin da ka ajiye kuma in ba ka riƙe ba, jirgi na karkatawa sai ya gangara. Da farko ya ce ya yi ta kuka a ɓoye yana jin kamar an binne shi. Da shekaru suka tura sai jikinsa ya saba, har ya zama in ya dawo hutu ya kwanta a ɗaki mai faɗi, shiru, ba abin da yake motsi, sai ya ji kamar zai faɗa rami, ido biyu har asuba.

Na tambaye shi farin gadon da ƙofar gilashin fa. Ya ce, "Na baƙi ne, Gwaggo. Ni nake canja musu zanin gado." Ya ce wancan ɗin ɗakin manyan baƙi ne, don yawancin baƙin da suke biya ɗakunansu da kaɗan suka fi wannan, wasu ma ba taga, akwati sai a ƙarƙashin gado, in miji yana sa riga sai matar ta hau katifa ta ba shi wuri. Wannan kam ban yarda ba. Na ce masa ya rage wani abin, mai hali ba zai bar gidansa ya biya a cusa shi a akwati ba. Ya ce wallahi har rububi suke yi.

Na koma na gaya wa Ilu abin da na gani, na ce tsafi dai babu, sai ƙaryar hoto irin ta samari. Ilu ya yi ajiyar zuciya, amma ya ce gari ya riga ya ɗauka, ba zai bi mutane gida-gida yana cewa fanka ce ba. Sharaɗinsa ɗaya, a rushe ɗakin kowa ya gani, in ba haka ba a mayar musu da kayansu. Ni ma a lokacin na ga hakan daidai ne. Saifuddeen bai yi musu ba, shi da kansa ya ɗauki guduma da hantsi, maƙwabta suna leƙe ta katanga, ya fasa bangon ya fito da katakon ya jingine a waje.

Na ɗauka magana ta mutu, ashe sabuwa ce za ta tashi. Ba a yi nisa ba yaron ya soma zubewa. Idanunsa suka faɗa, wuyansa ya yi tsawo, ana yi masa magana yana kallon mutum kamar bai san Hausa ba. Ya shiga shagon tela karɓar ɗinkin angonci ya manta abin da ya kai shi. Wata rana a hanyar Gagarawa ya saki hanya da babur ya faɗa gonar gero, Allah ya tsare bai karye ba. Mutanen da suka ce a rushe su ne kuma suka ce to ga shi nan, an fasa masa wurin abin nasa, abin ya juyo kansa, in bai ba da wani ba shi za a ci. Mansura ta kawo mini wannan har gida, tana faɗa tana kuka da gaske.

Haulatu ta zo mini ana saura kwana kaɗan, ta zauna a bakin gadona ta ƙi cin abinci. Ta ce babanta ya ce zai je Gumel ranar jere bayan la'asar ya ga yaron da idonsa, in ya same shi yadda ake faɗa to a ɗaga auren, kuma ta san in aka ɗaga an fasa ke nan. Na tambaye ta ko dama ta san da ɗakin. Ta ce tun yana jirgi ya gaya mata, har hoton gaskiyar ya tura mata daga baya. Na ce to me ya hana ta magana duk wannan tashin hankalin. Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Gwaggo, ta yaya zan buɗe baki in ce na san yadda yake kwana?" Na tura mata kwanon gabanta.

Ranar jere motar kaya ta iso Gumel da safe. Ilu ya yi ƙoƙari, dangi ma sun yi. Ga gado, ga durowar kaya mai ƙofa huɗu, ga madubi, ga kabad na kwanuka, ga kujeru, ga akwatuna, ga firiji. Mata sun cika gida, kowa da ra'ayinta, amma igiya a hannuna take, kuma ni ce babba. Na tsaya a tsakiyar ɗakin nan mai faɗi na dube shi, maganata tana dawo mini daga bango, na ce a fara shigo da komai nan ciki.

Mansura ta ce ai kabad na falo ne. Na ce nan za shi. Ta ce firiji fa. Na ce shi ma. Na sa aka tura gado kusurwa, aka ja durowar aka tsayar da ita a gefensa ba a jikin bango ba, aka bar wani ɗan lungu tsakaninsu wanda mutum ɗaya zai iya miƙewa a ciki. Kabad ya tare taga ɗaya, na sa labule mai kauri a ɗayar. Akwatuna suka hau kan juna a bakin lungun. Mata suka yi ta gunaguni, wata ta ce an mayar da ɗakin amarya shagon kafinta, wata ta ce tsufa ya fara taɓa Gwaggo Kyauta. Na ce haka ake yayi yanzu a birni, wadda ba ta sani ba ta yi shiru. Na shimfiɗa ƙaramar katifa a lungun na ce ta baƙi ce. Na jawo sabuwar fankar amarya na jingina ta da jikin durowar, na kunna, katakon ya ɗauki rawa.

Bayan azahar na aika a kira ango, na ce akwai ƙusar da ta fito a bayan durowa can ƙasa, kada ta yagi kayan yarinya. Ya zo yana tangaɗi, ya gaishe mu ba ya ko ganinmu. Ya karkace ya shiga tsakanin akwatuna, ya durƙusa a lungun da guduma a hannu. Na ji ya buga sau ɗaya. Na jira na biyu ban ji ba. Da na leƙa, ya kifa kai a kan katifar, kafaɗarsa ɗaya a jikin gado, ɗayar a jikin durowa, gudumar tana hannunsa.

Mansura ta dafe ƙirji ta ce ango a ɗakin amarya tun ba a ɗaura ba, wannan abin kunya da me ya yi kama. Na kore su duka zuwa falo, na ja ƙofar na sa makulli, na ɗaure shi a bakin zanina, na jawo turmi na zauna a wurin. Duk wadda ta zo wucewa sai ta kalli ƙofar ta kalle ni, na ga har sun fara raɗa.

Ilu ya iso bayan la'asar, fuska a ɗaure, ya tsaya a tsakar gida ya ce ina yaron, an ce masa ya shigo nan bai fita ba. Ya dubi ƙofar, ya dubi makullin da yake lilo a zanina.

"Yaya, me kika kulle a ciki?"

Na ce ya matso ya sa kunne. Ya cire hula ya manna kunnensa a jikin ƙofar. Ƙugin fankar yana fitowa, a ƙarƙashinsa kuma minshari ne, mai nauyi, irin na wanda ya yini yana huɗa. Ya buɗe baki zai yi magana da ƙarfi, na ɗaga masa hannu.

"Sassauta murya. Rabon yaron nan da barci tun ranar da muka sa shi ya rushe ɗakinsa."

Ilu ya daɗe a tsaye a wurin, hular a hannunsa. Da ya juyo, a hankali ya tambaye ni ko goron ɗaurin aure ya iso, ya kuma cire takalmansa ya riƙe a hannu kafin ya taka zuwa zaure.